Ramin Yaya da Barcin Inna

Yayana shi ne mutum na farko a Yelwan Yauri da ya haƙa rami ya kira shi ɗaki, kuma ina roƙon Allah ya sa shi ne na ƙarshe.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato aka yi ta rabon kujeru, wanda jiya yake riƙe wa wani jaka yau sai ka gan shi da ofis da direba. Yaya na cikin waɗanda rabon ya faɗo wa. Aka dawo da shi gida Yauri da muƙami, da mota mai lambar gwamnati, da wani gyaran murya da yake yi kafin ya ce ko da ina kwana. Kafin nan an taɓa tura shi kwas wata ƙasar sanyi. 'Yan watanni ya yi, amma ya dawo mana da kwat mai nauyin buhun gero da kalma guda da ta hana mu sakat: a can. A can ba a shan shayi da ƙara. A can ba a barin akuya ta shigo falo. Ni dai malamar firamare ce, ban taɓa wuce Kwantagora ba a lokacin, sai in ce to, Allah ya kai mu can ɗin.

Da ya tashi gina gida a kan tudu, bayan gari, sai ya ce a can duk gidan mutumin kirki yana da besmen, wato ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Magina suka dubi juna, suka dubi ƙasar, wadda rabinta dutse ne. Suka ce ranka ya daɗe, mutane sama suke ƙara gini. Ya ce shi ya sa ba mu ci gaba ba. Haka suka yi ta fasa dutse da diga har hannuwansu suka yi kanta, gari kuwa ya samu abin yi. Wasu suka ce rijiyar gwamnati ce, wasu suka ce rumbu ne aka kifa kansa ƙasa. Da aka gama, Yaya ya shimfiɗa kafet, ya sa kujera da kantar littattafai, ya ce laburare ne. Ya zauna a ciki sau biyu ko uku, duhu ya dame shi, ya daina sauka. Kafin shekara ta zagayo laburaren ya koma ma'ajiyar tsofaffin tayoyi da kwat ɗin nan.

To, bari in kawo Inna, don ramin bai zama magana ba sai da ta shigo.

Mu Sarkawa ne, 'ya'yan ruwa. Garin da aka haifi Inna yana ƙarƙashin tafki tun lokacin da aka datse kogi. Aka kwashe su aka kai su sabon matsuguni wajen Wara, aka ba kowa gidan siminti mai rufi kamar rabin ganga. Wanda ya zana gidajen nan ban san shi ba, amma na tabbata bai taɓa kwana a cikinsu da bazara ba. Daga hantsi ɗakin yake fara ɗaukar zafi, ya riƙe shi har asuba kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Inna takan ce tun da ruwa ya ci tsohon gari ba ta ƙara yin barcin bazara ba, gyangyaɗi kawai take yi. Sana'arta banda. Da sassafe ta tari jiragen masunta, ta fafe kifi, ta jera a kan waya, ta wuni tana juya shi a cikin hayaƙi. Da wannan kifin aka yi wa Yaya karatun da ya kai shi can.

Yaya kuwa ɗan farinta ne. Wanda ya san mu ya san abin da wannan ke nufi. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta roƙonsa ko allura. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Ni ce auta, ni ce bakinta. In tana son sabulu daga wajensa ni za ta gaya wa, tana kallon bango, kamar ba da ni take ba. Wanda bai sani ba zai ce ba ta damu da shi ba, alhali in ya yi tafiya ba ta iya haɗiye tuwo sai an ce ya sauka lafiya.

Wata bazara ƙafafunta suka kumbura, muka matsa mata ta zo Yelwa a duba ta a asibiti. Aka sauke ta a gidan Yaya, a ɗakin baƙi mai rufin kwano da fanka a sama. Fankar ado ce. Ruwan da ya ci garinmu don a samar da wutar lantarki, wutar ba ta cika sanin hanyar gidajenmu ba. Inna ta zauna a ƙarƙashin fankar tana fifita da murfin kwano, har idanunta suka faɗa.

Ran nan na taso daga makaranta na biyo in gaishe ta, matar Yaya ta tare ni a ƙofa hankali tashe, wai ba a ga Inna ba tun bayan azahar. An duba banɗaki, an duba maƙwabta, har an fara maganar ko ta nufi bakin ruwa. Ni ma ban san abin da ya kai ni ƙofar ramin ba, na dai gan ta a buɗe. Na sauka a hankali. Wani sanyi ya tarbe ni tun daga tsakiyar matakala, irin na cikin randa. Ga Inna nan. Ta naɗe kafet ɗin Yaya ta tura gefe, ta shimfiɗa zaninta a kan siminti tsakanin tayoyi, tana barci baki buɗe har da minshari. Wallahi tunda na yi wayo ban taɓa ganin uwata tana irin wannan barci ba. Na zauna a matakala ina kallonta, hawaye suka zo mini, na bar su.

Sai bayan la'asar ta farka, ta yi ta salati don lokacin salla ya kusa wuce ta. Ta shafa bangon da tafin hannu, ta ce, "Ke auta, wanga wuri awa ɗakin uwata na tsohon gari. Wa ya koya ma wancan wagga dabara?"

Na ce, "Turawa, Inna."

Ta ce, "Ashe su ma suna da hankali."

Washegari ta sauke tabarmarta da butarta da 'yar randa. Muka fitar da tayoyin. Cikin 'yan makonni kumburin ƙafa ya fara sacewa, ta fara cinye abincinta, har na ji ta tana yi wa jikokinta tatsuniya daga ƙasa, muryarta na fitowa ta matakala. Maganar komawa Wara da take yi kullum sai ta bar yi. Yaya kuwa abin nema ya samu. Duk baƙon da ya zo sai ya kai shi bakin ƙofar ya ce, "Kun gani ko? Har tsohuwa ta gane amfanin besmen. Da kuna dariya."

Da abin ya tsaya nan da ban rubuta komai ba. Amma sai Yaya ya tafi taro Birnin Kabi, wani abokin aikinsa ya ba shi wata mujallar Turanci. Allah ya yafe wa wannan aboki, ni dai ban gama yafe masa ba.

Ya dawo fuska a murtuke, ya aika aka kira ni, ya zaunar da ni da matarsa kamar za a raba gado. Ya yi gyaran murya. Ya ce an gano a can cewa akwai wani gas, sunansa radon, yana fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Ba ya da launi, ba ya da wari. Yana bin tsagar siminti ya shiga gida, kuma ba inda yake taruwa kamar ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba ya samun shigar iska. Wanda ya daɗe yana shaƙarsa yana iya kamuwa da ciwon daji a huhu. Ya nuna mana zane: gida a yanke, da jajayen kibau suna tasowa daga ƙasa, da wani Bature zaune yana kallon talabijin bai san ana harbinsa ba.

Na ce, "To, Yaya, akwai shi a naka ramin?"

Ya ce, "Zai iya kasancewa. A kan dutse muka yi gini."

"An auna?"

"Da me za a auna? Na'urar ba ta nan. A can ake saka wani ɗan gwangwani a ɗakin, a aika da shi a duba."

"To a aiko mana da gwangwanin mana."

Ya ce zai yi wa wani abokinsa magana. Gwangwanin nan har yau yana hanya. Amma kafin ya iso, in ji Yaya, rigakafi ya fi magani, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Dole Inna ta fito daga ɗakin.

Ni kuma da shegen wayona na ce bari in kashe maganar da hujja. Na ɗauko wani tsoho mai haƙar rijiya, don su ne suka san mugun numfashin ƙasa. Ya zo da igiya da fitilar ƙwai, ya ƙi bin matakala, wai ba haka ake yi ba. Ya zura fitilar daga sama, ta sauka tana ci, ta hau tana ci. Ya ce bai gamsu ba, a kawo kaza. Aka ɗaure kaza a ƙafar kujerar laburare. Kazar nan ta yi kwanaki a ciki, Inna na watsa mata tsaki, ta yi ƙiba, daga ƙarshe ta saka ƙwai a aljihun kwat ɗin Yaya. Tsohon ya rantse cewa ramin ya fi masallacin unguwarsu lafiya, ya nemi a ba shi kazar, aka ba shi.

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan gas ba ya kashe fitila, ba ya sumar da kaza, aikinsa a hankali yake yi, sai mutum ya shekara ashirin ko talatin yana shaƙa. A nan dai gaskiyarsa ce, daga baya na tambayi waɗanda suka sani. Gas ɗin ba ƙarya ba ne, kuma kazata ba ta auna komai ba. Sai dai shi ma bai auna komai ba. Ni ina da kaza, shi yana da mujalla.

Na sauka na kwashe duka na gaya wa Inna. Tana jan tasbaha tana saurare. Da na kai wajen shekara ashirin sai ta tsayar da hannu.

"Shekara nawa kika ce?"

"Ashirin, ko talatin."

Ta yi dariya har tana tari. "Auta, dube ni da kyau. Abin da za shi jira ni shekara ashirin kahin shi kashe ni, ai ba makashi ba ne, mai yi mini addu'a ne. In ya zo ki ba shi ruwa."

Ta ci gaba da jan tasbaha. Sannan ta juya fuskarta ga bango, yadda take yi in za ta aike ni, ta ce a hankali, "Da dai an bar ni nan. Ko zuwa saukar damina."

A iya sanina wannan ne abu mafi girma da ta taɓa nema daga ɗan farinta. Na hau na isar masa kalma da kalma.

Ya ce, "Ita ta faɗa?"

Na ce, "Da wa zai faɗa, kazar?"

Ya ce, "Ke na sani da ƙarin gishiri. A can majiyyaci ake tambaya da kansa. Zan ji daga bakinta."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Ka san ba za ta iya ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, falo cike da abokansa na ofis, ya sa aka kirawo Inna wai za su gaishe ta. Ta hau da ƙyar, ta rakuɓe a bakin ƙofa ta ja mayafi. Aka gaisa. Sai Yaya ya yi gyaran murya, ya dube ta kai tsaye, abin da ko shi bai saba yi ba, ya ce, "Inna, ɗakin nan na ƙasa, kina son zama a cikinsa ne? In kina so ki faɗa, ga mutane suna ji."

Jama'a, a tambayi uwa a gaban baƙi ko tana son wani abu daga ɗan farinta! Ko wuƙa ya ɗora mata a wuya amsar guda ce. Na ga yatsunta suna murza bakin mayafi. Ba ta dube shi ba, ni ta duba, ta ce, "A gaya ma wancan, ni mi za ni yi da rami? Gidanshi ne, shi yi yadda ya ga dama. Ko'ina anka aje ni daidai ne."

Yaya ya buɗe hannuwa ya ce, "Kun ji ko?" Abokan suka gyaɗa kai, ɗaya har da cewa tsofaffinmu akwai fahimta. Dukansu 'ya'yan Hausawa ne, wasunsu ma 'yan fari, kowa ya san abin da ya ji, amma lemo na gabansu kuma mai gida shugabansu ne.

An sha ce mini Yaya mantawa ya yi, zaman waje ya goge masa al'ada. Wane zaman waje? Wata nawa ya yi? Mutumin da har gobe ba ya iya cin goro a gaban surukinsa? Bai manta komai ba. Ya san tambayar da amsarta ba ta canzawa, shi ya sa ya yi ta.

Da baƙi suka watse na shiga masa. Na ce, "Inna ta tsufa kanta na cikin hayaƙin banda, idonta na ruwa, ƙirjinta na kuka kamar tsohon zuga-zugi. Hayaƙin da kake gani da idonka, kake jin warinsa a zaninta. Ka taɓa cewa ta bari? Kifin ma kai ake aiko wa manyan. Sai gas ɗin da ba ka gani ba, ba ka auna ba, shi ne ya tayar maka da tausayi?"

Ya ce, wallahi haka ya ce, "Hayaƙi ai namu ne, mun saba da shi."

Na ce, "Ko taga ka fasa mata ta sama, mujallarka ai ta ce iska ce maganinsa."

Ya ce fasa taga zai ɓata tsarin ginin. Ya ce kuma in wani abu ya same ta a ɗakin, me mutane za su ce game da shi, mutumin da ya san illar abin? A nan na gane wanda ake yi wa rigakafin. Na faɗi maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, ya ce in fita masa daga gida, na fita, washegari na dawo don uwata na ciki.

Aka hau da tabarma da buta da randa, aka garƙame ƙofar da kwaɗo. Inna ta koma ƙarƙashin fankar ado. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Idanun suka sake faɗawa.

Bayan 'yan kwanaki na zo da rana tsaka, ban same ta a ɗakin baƙi ba. Tana lungun da ƙofar ramin take. Ƙasan ƙofar akwai 'yar kafa da kafinta ya bari, wani ɗan sanyi-sanyi na fitowa ta nan. Ta shimfiɗa zaninta a jikin ƙofar, ta kwanta ta kara kuncinta da kafar, idonta a rufe. Ba barci take ba, don da ta ji motsina ta ce, ba ta buɗe ido ba, "Kak ki gaya ma kowa."

Ban gaya wa kowa ba. Amma gida ne mai yara, kuma lungun hanyar kicin ne. Yaya ya ji. Hankalinsa ya tashi sosai, ya ce ashe gas ɗin yana biyo ta har sama. Da safe ya sa direba ya kai ta asibiti a sake duba ƙafa, ya kira magini. Kafin su dawo an jera bulo a bakin ƙofar tun daga ƙasa har sama, an yi shafe, an goge. Aiki ya yi kyau, ba ka cewa an taɓa yin ƙofa a wurin.

Ina nan ta dawo. Ta yi azahar, ta ɗauki zaninta ta nufi lungun, ni kuma na bi bayanta. Ta tsaya gaban bangon. Ta ɗora tafin hannunta a kan ɗanyen siminti, ta sunkuya ta shafa ƙasan, inda kafar take a da. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta miƙe ta yafa zanin a kafaɗa, ta ce, "Auta, yaushe motar Wara ka tashi?"

Na ce ƙafarta ba ta gama warkewa ba. Ta ce kifi na jiran ta. Yaya ya ce a bar ta, tsofaffi ba sa son zaman birni, ya sa aka cika mata but ɗin mota da shinkafa da sabulu. Har ya saya mata sabuwar fanka ta tsaye, mai kyau, a kwalinta, zuwa ƙauyen da ko turken wuta babu. A ofis kuwa labari ya zaga cewa ya ceci mahaifiyarsa daga wani gas na ƙasar waje, har wasu suka fara zuwa neman shawararsa kan gini. Inna ba ta ƙara kwana a gidan ba.

Kafin ruwa ya sauka na samu hutu na bi ta. Na isa da rana a tsakiyar ka, tafkin na ƙyalli har ido ba ya iya kallonsa, murhun banda na ta hayaƙi ba kowa a wajen. Na same ta a cikin rabin gangar nan. Ta yayyafa ruwa a ƙasa ta kwanta a kan damshin, ta jiƙa ɗankwali ta ɗora a ƙirji. Ƙafafun sun koma yadda suke, har sun fi. Fankar na jingine a kusurwa cikin kwalinta, an ɗora ƙwaryar gari a kai.

Na zo da maganganu cike da baki. Tun a mota nake shirya su, yadda zan zage shi a gabanta ko ta ji sanyi. Na zauna na fara yi mata fifita, ban kai ga farawa ba ta juya fuskarta ga bango.

Ta ce, "Wancan yana lahiya?"

Na ce lafiya lau, har ya ƙara tumbi.

Ta ce, "Abin nan na ƙasa, bai taɓa shi ba ko? Ɗakin kwananshi bisa ramin yake. Tun da niz zo nike tunani. Ki ce mai shi matsa da gadonshi wani ɗaki, shi ƙuruciya gare shi, shekara ashirin ba wuya." Ta yi tari, ta gyara ɗankwalin a ƙirjinta. "Amma kak ki ce ni na ce."